Idan Kin Ga Ana Sakaci da Majiyyaci: Jagora ga Ma'aikatan Jinya a Legas

A asibitocin da ke kusa da Idi-Araba, Agege, Mile 12 ko Obalende, idan aka kawo majiyyacin da ba ya jin Yarabanci kuma Turancinsa bai wuce na ciniki ba, abin da aka saba ji shi ne a kira nas ɗin nan mai jin Hausa. Ita ce tafinta a gaban likita, ita ce mai yi wa dangi bayanin kuɗin magani, kuma ita ce wadda 'yar majiyyaci za ta ja gefe da asuba ta ce mata, "Sista, don Allah ki duba mana Baba, tun la'asar ɗin jiya ruwan da aka sa masa ya ƙare, ba wanda ya leƙo, kuma ba a juya shi ba." Saboda haka ma'aikaciyar jinya Bahaushiya a Legas takan riga kowa jin labarin sakaci, alhali sau da yawa ita ce mafi ƙarancin gata a wurin, domin danginta suna Kano ko Zariya ko Sakkwato, ba ta da wani babba a ma'aikata da zai tsaya mata, kuma albashin nan shi ne kuɗin haya da na makarantar yara. Zan yi magana da "ke" saboda mata ne suka fi yawa a wannan aiki, amma duk abin da ke nan ya shafi 'yan'uwanmu maza.

Ya kamata ki san inda doka ta tsaya tun kafin ki buɗe baki. Najeriya ba ta da cikakkiyar dokar da ke kare ma'aikacin da ya tona ɓarna a wurin aikinsa. Tsarin kwarmata bayanai da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a watan Disamba na 2016 an yi shi ne musamman domin dukiyar gwamnati da aka sace, kuma ba zai amfane ki ba idan maganarki a kan majiyyacin da aka bari cikin fitsarinsa ce. Kariyar da kike da ita a warwatse take cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, da hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma dukansu takarda suke tambaya. Wadda ta faɗi gaskiya da baki kawai, ko da dukan ɗakin sun ji ta, ranar da aka zaunar da kwamiti za ta tarar ba wanda ya tuna.

Mataki na farko: majiyyaci, sa'an nan fayil ɗinsa

Kafin tunanin kai ƙara, ki yi wa majiyyacin abin da aikinki ya ɗora miki a wannan lokacin. Ki auna numfashinsa da bugun jininsa da zafin jikinsa, ki juya shi, ki duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa ko gyambon kwanciya ya fara, ki kira likitan da ke bakin aiki idan yanayinsa ya sauya. Duk wanda zai binciki lamarin daga baya, tambayar farko da zai yi miki ita ce me ke kika yi da kika gani, kuma idan amsarki ba ta da ƙarfi, ƙarar da kika kai za ta dawo kanki.

Da zarar kin gama, ki rubuta a fayil ɗin majiyyacin nan take, da kwanan wata da lokaci har da minti, da sunanki da sa hannunki. A nan ne yawancin ma'aikata ke yin kuskure, domin zuciya tana tafasa sai su rubuta hukunci a maimakon abin da ido ya gani. Kada ki rubuta cewa masu aikin dare sun yi sakaci, ko cewa likita ya ƙi zuwa saboda raini. Ki rubuta, cikin Turancin aiki da kika saba, abin da ma'anarsa ke kama da haka: ƙarfe 6:10 na safe na tarar da ledar ƙarin ruwa ta ƙare kuma jini ya koma cikin robar, takardar lura ta nuna awon ƙarshe ƙarfe 4:00 na yammacin jiya, akwai jan tabo a ƙugun dama wanda ba ya washewa idan an danna, na kira likita ƙarfe 6:15 ba a ɗauka ba, na sake kira ƙarfe 6:30, na sanar da sista mai kula da ɗaki ƙarfe 6:35. Irin wannan rubutu bai zagi kowa ba, amma duk ma'aikacin lafiyar da ya karanta shi ya san cewa majiyyacin da ya kamata a riƙa juya shi kowace awa 2 ya kwana ba a taɓa shi ba.

Idan kin manta wani abu, ki ƙara shi a ƙasa da lokacin da kike ƙarawa, ki nuna cewa ƙari ne da ya zo daga baya. Idan kin yi kuskure, layi ɗaya za ki ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ki sa hannu a gefe. Kada ki goge, kada ki shafa farin ruwan gyara, kada ki cire shafi. Wata rana mai yiwuwa a kira ki ofis a ce miki cikin murya mai daɗi ki sake rubuta shafin "don a tsabtace fayil ɗin", ko ki cike gurbin awon da ba a yi ba. Ki ƙi cikin ladabi. Sashe na 29 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya mayar da sauya bayanan majiyyaci ko ƙirƙirar na ƙarya laifi da ke iya kai mutum gidan yari, kuma rubutun hannunki ne zai kasance a shafin, ba na wanda ya ba ki umarnin ba.

Mataki na biyu: littafinki da takardunki na gida

Fayil ɗin majiyyaci na asibiti ne, kuma fayil kan ɓata a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Don haka ki sayi littafi mai ɗinki wanda ba a iya cire shafinsa ba tare da an gani ba, ki ajiye shi a gida, ki riƙa rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru: kwanan wata, ɗakin da kika yi aiki, adadin marasa lafiya da adadin ma'aikatan jinya a wannan dutin, kayan aikin da babu, wanda kika gaya wa, da abin da ya amsa miki da kalmominsa.

Akwai iyakar da ba za ki ƙetare ba. Kada ki rubuta sunan majiyyaci ko adireshinsa a littafin. Lambar gado da kwanan wata sun isa a gane wanda ake nufi idan hukuma ta nemi fayil ɗin. Kada ki ɗauki hoton majiyyaci ko na fayil ɗinsa da wayarki, kada kuma ki tura labarinsa a zauren WhatsApp na 'yan ajinku ko ki sa a Facebook, ko da kin rufe fuskarsa. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya wajabta sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ƙara tsaurara lamarin, kuma asibitin da ke neman dalilin korarki ba zai sami kyautar da ta fi wannan ba. Hoton rufin da ke yoyo, ko kwandon allurai da ya cika ya zube, ko tukunyar iskar oksijin da allurar ma'auninta ke kan sifili, wannan wani abu ne daban muddin babu majiyyaci a ciki, amma ko shi ma ki duba ko takardar ɗaukarki aiki ta hana ɗaukar hoto a harabar asibitin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu, kafin kowa ya san kina da niyyar magana, ki tattara kwafin takardar ɗaukarki aiki, ta tabbatar da ke, takardun albashi na watannin baya, sakamakon auna ƙwazonki na shekara-shekara, duk wata takardar yabo, littafin ƙa'idojin ma'aikata, da jadawalin duti na wata uku ko huɗu da suka wuce. Waɗannan ne za su nuna cewa kafin ki yi magana ba a taɓa samunki da laifi ba. Ki tabbatar kuma lasisinki na Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya bai ƙare ba, domin lasisin da ya ƙare shi ne abu na farko da za a jefe ki da shi.

Mataki na uku: kai maganar a cikin gida

Ki bi tsani daga ƙasa, ko da kin san na kusa da ke ba za ta yi komai ba, domin duk hukumar waje da kika je wurinta za ta tambaye ki ko kin sanar da shugabanninki. Ki fara da sista mai kula da ɗaki, sai matiron (babbar nas da ke sama da ita), sai shugabar sashen jinya, sai shugaban asibitin. A ƙananan asibitoci masu zaman kansu, inda mai asibitin shi ne likita kuma shi ne mai biyan albashi, tsanin gajere ne kuma haɗarin ya fi yawa, amma hanyar ɗaya ce.

Ki fara da baki cikin girmamawa, a keɓe, ba a gaban marasa lafiya ko ƙananan ma'aikata ba, domin babba da aka kunyata a bainar jama'a ya daina sauraron gaskiyar maganar. Amma kada maganar ta tsaya a baki. A ranar, ko washegari, ki bi ta da takarda: idan asibitin yana da fom na rahoton abin da ya faru ki cike shi, idan babu ki rubuta wasiƙa gajeriya wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ki faɗi abin da kika gani da ranaku da lokuta, ki faɗi haɗarin da ke tattare da shi ga marasa lafiya, ki faɗi abin da kike roƙo a yi, misali a ƙara ma'aikaciya ɗaya a dutin dare ko a gyara na'urar tsotse majina, sa'an nan ki rufe da cewa kina rubutawa ne domin sauke nauyin da aikinki ya ɗora miki. Ki yi kwafi biyu, ki miƙa ɗaya, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu a kan ɗayan ki tafi da shi gida. Idan sakatare ya ƙi buga hatimi, wanda yakan faru, ki aika da wasiƙar ta imel daga adireshinki na kanki, ko ta kamfanin aika saƙo da ke ba da rasit.

Ƙarancin ma'aikata shi ne tushen mafi yawan sakacin da ake gani, kuma ba sabon labari ba ne. A watan Fabrairu na 2024 magatakardar Majalisar Kula da Aikin Jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar nauyin, kuma su ake tuhuma idan wani abu ya lalace. Idan kin zo karɓar aiki kika tarar ke kaɗai ce a ɗakin da ya cika da masu jin jiki, kada ki juya ki tafi, domin barin marasa lafiya ba mai kula laifi ne da kan iya cinye lasisinki. Ki karɓi aikin, ki kira matiron da ke bakin aiki ki gaya mata, ki rubuta a littafin miƙa aiki cewa kin karɓi marasa lafiya kaza ke kaɗai, kin sanar da wance ƙarfe kaza cewa wannan adadi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma za ki fara da waɗanda suka fi jin jiki. Idan abokan aikinki za su yarda ku sa hannu tare a kan wasiƙa ɗaya, hakan ya fi, domin sauya wa mutum ɗaya wurin aiki abu ne mai sauƙi, amma ba a iya kwashe ma'aikatan ɗaki gaba ɗaya a rana ɗaya.

Mataki na huɗu: lafiyar jikinki

Mutanen Legas ba su manta 2014 ba, lokacin da aka kawo mai ɗauke da cutar Ebola wani asibiti a Obalende, Dokta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita, kuma ita da wasu ma'aikatan asibitin, har da masu jinya, suka rasa rayukansu. Ba su manta da ranar 1 ga Agusta 2023 ba, lokacin da na'urar hawa bene ta faɗo da wata matashiyar likita a masaukin likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Tsibirin Legas ta rasu, abokan aikinta kuma suka fito suna cewa sun daɗe suna ƙorafi a kan na'urar. Sashe na 21 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ɗora wa kowane asibiti alhakin ɗaukar matakan rage rauni da kamuwa da cuta ga ma'aikatansa, saboda haka neman safar hannu, takunkumi, ruwan wanke hannu, kwandon allurai da fitila mai aiki a dutin dare haƙƙinki ne, kuma shi ma a rubuce ake nemansa.

Idan allurar da aka yi amfani da ita ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ki matse shi ko ki tsotsa, ki sanar da mai kula da ɗaki nan take, a gwada jininki da na majiyyacin bisa ƙa'ida. Maganin kariya daga cutar HIV ana fara shi ne cikin awowin farko, ba ya wuce awa 72, kuma ana shan sa kwana 28. Kunya ko tsoron faɗan matiron kan sa wasu su ɓoye, sai lokacin ya wuce. Idan ba a taɓa yi miki rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ki nemi allurai ukun yanzu, tun babu abin da ya faru.

Game da diyya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba ki kwana 14 ki sanar da mai aikinki raunin da kika ji ko cutar da kika ɗauka a bakin aiki, shi kuma yana da kwana 7 ya sanar da hukumar NSITF mai kula da asusun biyan diyyar ma'aikata, kuma ana shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata da ake biyan asusun, mai aiki ne ke biya, ba a cire shi daga albashinki. Idan asibitinku bai yi rajista ba, laifinsa ne, kuma kina iya zuwa ofishin hukumar da kanki da takardar likita.

Duka da zagi daga dangin majiyyaci, musamman a sashen gaggawa cikin dare, su ma haɗarin aiki ne. Sashe na 21 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ba ma'aikacin lafiya damar ƙin kula da wanda ke dukansa, ko zaginsa, ko neman cin zarafinsa ta hanyar lalata, in ban da masu taɓin hankali, tare da sharaɗin ya kai rahoto. Sai dai ki haɗa shi da sashe na 20, wanda ya hana a ƙi ba kowa taimakon gaggawa ko da wane dalili, don haka ki miƙa majiyyacin ga wata ma'aikaciya kafin ki janye. Idan an taɓa lafiyarki, ki kira 112 ko 767, ki nemi likita ya rubuta raunin a ranar, ki kai rahoto ofishin 'yan sanda ko da shugabanni sun ce a bar maganar a cikin gida.

Mataki na biyar: idan gida ya ƙi ji

Idan kin rubuta sau ɗaya, kin tuna sau biyu, ba abin da ya sauya, ko kuma haɗarin ya kai ga rai yana iya salwanta kafin a amsa, sai ki fita waje, amma ga hukumar da abin ya shafa. Hukumar HEFAMAA, wadda Jihar Legas ta kafa a 2006, ita ce ke rajista da sa ido a kan asibitoci a jihar, tana karɓar ƙorafi, tana kai ziyarar bincike, kuma tana da ikon rufe wurin da ya saɓa ƙa'ida; ita ce ƙofar farko idan matsalar ta asibiti mai zaman kansa ce, kamar sa waɗanda ba su da lasisi su yi aikin jinya. Ma'aikatan manyan asibitocin jiha suna da Hukumar Ma'aikatan Lafiya ta Jiha da Ma'aikatar Lafiya da ke Alausa a Ikeja. Asibitocin tarayya, irin su asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, asibitin ƙashi na Igbobi da na masu taɓin hankali a Yaba, suna ƙarƙashin hukumomin gudanarwarsu da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Idan laifin na wata ma'aikaciyar jinya ce ita kaɗai, Majalisar Kula da Aikin Jinya ce ke da ikon ladabtarwa. Idan na likita ne, sai majalisar likitoci ta MDCN.

Ƙorafin da ba suna yana rage haɗari, amma ba a cika bin sa da ƙarfi ba, kuma a ƙaramin asibiti kowa ya san wadda ta riga ta yi magana. Shawarata ita ce ki sa sunanki, ki roƙi hukumar a rubuce ta ɓoye shi.

Dangin majiyyaci su ma suna da haƙƙin kai ƙara da kansu ƙarƙashin sashe na 30 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, da kuma Kundin Haƙƙoƙin Majiyyata da aka ƙaddamar a 2018, wanda hukumar kare masu sayen kaya ta FCCPC ke bibiya. Kina iya gaya musu da Hausa cewa wannan hanya tana nan da inda ofishin yake. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki ba su kwafin fayil a ɓoye, ko ki rubuta musu takardar da hannunki, ko ki ce su tara jama'ar unguwa su zo ƙofar asibiti. Mutanenmu sukan garzaya fadar Sarkin Hausawa idan abu ya dame su, kuma sau da yawa manya kan sasanta abin da takarda ba ta iya ba, amma idan sunanki ya fito a matsayin wadda ta zuga su, za a mayar da maganar ta ƙabilanci, a manta da majiyyacin gaba ɗaya.

Mataki na shida: lokacin da ramuwar gayya ta fara

Da wuya a ce miki an hukunta ki ne saboda kin yi magana. Abin da za ki gani shi ne dutin dare ya yi miki yawa ba kamar da ba, an soke hutunki, an mayar da ke ɗakin da ya fi wahala ko asibitin da sai kin hau mota uku kafin ki isa, an daina gaishe ki a ɗakin ma'aikata, sa'an nan takardar tuhuma ta iso a kan makarar minti goma da kowa ke yi. Ki rubuta kowanne a littafinki da kwanan wata, ki ajiye sabon jadawalin duti kusa da tsohon. Abin da zai yi miki aiki a gaban alƙali shi ne jerin ranaku: shekara kaza ba tuhuma, ranar kaza kin kai rahoto, bayan kwana kaza tuhuma ta fara.

Ki amsa kowace takardar tuhuma cikin wa'adin da aka rubuta a kanta, ko awa 24 ne ko 48 ko 72, domin rashin amsa laifi ne na daban. Ki amsa abin da aka tambaya kawai, da hujja, ba tare da fushi ba kuma ba tare da roƙon gafarar abin da ba ki yi ba. Tarbiyyarmu takan sa mu ce "a yi haƙuri" don a zauna lafiya, amma a takardar ofis wannan kalma amsa laifi ce. A ƙarshen amsar ki ƙara layi ɗaya da ke tunatar da cewa tuhumar ta zo ne bayan rahoton da kika kai a ranar kaza. Idan an kira ki gaban kwamiti, ki nemi a ba ki zargin a rubuce, ki nemi zuwa da wakilin ƙungiya, kuma kada ki sa hannu a kan takardar da ba ki karanta ba. Idan an matsa, ki rubuta cewa kin karɓa ne kawai, ba ki amince da abin da ke ciki ba.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, tana da reshe a Jihar Legas da wakilai a asibitocin gwamnati. Ki sanar da su tun daga takardar tuhuma ta farko, kada ki jira sai an dakatar da ke. Ƙarfinta a asibitoci masu zaman kansu bai kai haka ba, don haka mai aiki a can ta fi bukatar lauya da wuri. Idan babu kuɗin lauya, akwai Ofishin Lauyan Jama'a na Jihar Legas da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda ke binciken zaluncin gudanarwa ba tare da an biya ta ba.

Mafi yawan waɗanda aka matsa wa sukan rubuta takardar ajiye aiki cikin ɓacin rai, ko kuma a kira su a ce su ajiye da kansu "don kada a ɓata musu suna". Kada ki yi haka kafin ki ga lauya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta amince cewa wanda aka ƙuntata wa har ya ajiye aiki tamkar korarsa aka yi, amma tabbatar da hakan ya fi wuya idan takardarki cike take da godiya da fatan alheri. Idan dole ne ki tafi, ki faɗi dalilin a fili a cikin takardar. Ki yi tunanin gaba kuma: ƙa'idojin tantance takardun masu neman aiki a ƙasashen waje da Majalisar Kula da Aikin Jinya ta fitar a 2024, waɗanda suka sa ma'aikatan jinya zanga-zanga a Abuja da Legas, sun haɗa da neman takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki, kuma wannan makami ne a hannun shugaban da ke jin haushinki. Ki nemi takardar shaidar aikinki a rubuce tun da sauran fuska, ki riƙe kwafin wasiƙar neman.

Kotun da ke da hurumin shari'ar ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba ta ikon sauraron duk wata takaddamar aiki, har da rashin adalci a wurin aiki, da ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, kuma ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga haɗarin da ke barazana ga ransa nan take. Ma'aikaciyar gwamnati da aka kora ba bisa ƙa'ida ba kotu tana iya mayar da ita bakin aikinta, amma a asibiti mai zaman kansa abin da aka fi samu shi ne diyyar kuɗi da haƙƙoƙin da aka riƙe. Shari'a takan ɗauki lokaci, don haka ki ci gaba da neman wani aikin tana tafiya. Idan da hukumar gwamnati kike ja, lauyoyinta sukan fake da dokar kare jami'an gwamnati wadda ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara, saboda haka ki kai wa lauya maganar cikin makonnin farko bayan an ba ki takardar kora ko ta dakatarwa. Ranar da za ki je wurinsa, ki tafi da takardar ɗaukarki aiki, kwafin wasiƙunki masu hatimi, takardun tuhuma da amsoshinki, jadawalin duti na da da na yanzu, da shafi ɗaya da kika jera ranakun a kai daga rahoton farko zuwa takarda ta ƙarshe, tare da sunayen abokan aiki biyu ko uku da kika riga kika tambaya kuma suka yarda za su ba da shaida.